Bambar gaba ta shiga daji: kaurin ƙarfe ko lanƙwasa?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wajen masu walda da kanikawan da ke gidan nan. Ina da Hilux Vigo mai ogzilari, wato mai ja da tayoyi huɗu, da nake shiga ƙauyukan Giwa da ita, da damina kai taki gona da kaka kuma ɗauko masara da waken suya, to duk sanda aka zo tsallaka rafi ko kwazazzabo gaban motar ne ke fara dukan gaɓa tun kafin taya ta kama, bambar robar da ta zo da ita ta tsattsage yanzu haka da waya take ɗaure. Ina so a ƙera min ta ƙarfe amma gaskiya bana son irin wadda nake gani a wasu motocin gaba ya duƙa ƙasa saboda nauyi. Wane kauri ya dace kuma wane fasali?

Oga Tanimu Mai Walda: Wa alaikumus salam Alhaji. Kawo ta Sabon Garin Zariya kawai. Faranti mai kaurin mil 6, wato milimita 6, zamu sa, mu ƙarfafa ciki da angil, mu ɗora fayif inci 2 ya zagaye fitilu da gaban lagireto. Ko saniya ka ci karo da ita a hanyar Shika da dare ba abinda zai samu motar. Shi ƙarfen daji ba a masa rowa.

Direban Soba: Irinta ce a motar da nake ja kuma wallahi ban ba kowa shawara ba. Tun da aka ɗaura ta gaba ya sauka, in ka faɗa rami sai kaji gum shok ya kai ƙarshe, tayoyin gaba suna cin gefe ɗaya, bushin da bol join kuwa kullum muna wajen bakanike. Da dare hasken fitila ma a gindin mota yake sauka.

Injiniya Samaru: Oga Tanimu Allah ya ƙara girma, ba gardama nake da aikinka ba don na san hannunka, amma bari mu ɗora abin a sikeli. Farantin ƙarfe mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya, in mil 6 ne nauyinsa kilo 47 ne, in mil 5 ne kilo 39, in mil 3 ne kilo 23 da rabi. Bambar Hilux cikakkiya zata ci sama da faranti ɗaya irin wannan, ka ƙara angil da fayif da ƙafafun da za a ɗaure ta dasu, kafin kace me ka haura kilo 70. Kuma matsalar ba nauyin kaɗai bane, inda nauyin ya zauna ne. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Vigo mita 3 ne da santimita 8 da rabi, to in ka rataya kilo 60 a santimita 80 gaba da tayar gaba, abinda zai hau kan sifirin ɗin gaba kusan kilo 76 ne, tayoyin baya kuma an rage musu kusan kilo 16, ita kuma Hilux in babu kaya a baya dama bayanta ba nauyi gareshi ba shiyasa take sulɓi a taɓo. Sannan duk abinda gaba ya sauka ai tsayin da Baban Ummi ke nema ne ya tafi.

Oga Tanimu Mai Walda: Injiniya lissafinka na takarda ne. Mil 3 ai da guduma zan lotsa shi. Mutum ya biya kuɗinsa ya shiga daji ya daki kututture ɗaya ta lauye, sunan wa zai ɓaci a gari? Nawa.

Injiniya Samaru: Mil 3 a shimfiɗe kam zaka lotsa shi da guduma, ban musa ba. Amma duba kwanon rufi Oga, ko rabin mil bai kai ba, in a miƙe yake yaro ma zai naɗe shi, amma da aka yi masa gwangwala ƙato yana taka shi a saman gini. Haka bamba take, ƙarfinta a lanƙwasa yake. Ka lanƙwasa saman ya koma baya kamar santimita 10 zuwa 12, fuskar ta sauko, ƙasan ya karkata ciki, bakin kowane gefe a sake murɗe shi kaɗan, sai ka sa 'yan haƙarƙari a ciki duk bayan taƙi ɗaya da rabi. Inda ake son kauri wuri biyu ne kacal, ƙafafun da ke kama shasi da kuma kunnuwan da za a ja mota dasu in ta kafe. Can ka sa mil 8 ko 10 a ƙafafu ba wanda zai yi magana, sauran jikin kuma a barshi ba nauyi.

Baban Ummi: Injiniya to maganar dukan gaɓa fa, wannan ne ya fi damuna. Ko sai na ɗaga motar?

Injiniya Samaru: Kafin ka kashe ko sisi Alhaji ga abinda zaka yi gobe da safe. Ajiye motar a daɓe wanda ba tudu ba gangare, samu katako miƙaƙƙe ka cusa bakinsa a gaban tayar gaba ya taɓa taya ya taɓa ƙasa, sai ka ɗaga ɗaya bakin a hankali har ya dungure wani abu a gaban motar. Abinda ya fara taɓawa shine yake dukan gaɓa, karkatar katakon kuma itace iyakar gangaren da motarka zata iya tunkara ba tare da ta daki ƙasa ba, ka ɗora waya a kai akwai manhajar auna kusurwa zata baka digiri. Misali in wurin da ya taɓa yana santimita 45 daga ƙasa kuma santimita 80 daga inda katakon ya zauna, digiri 29 kenan. In muka ƙera sabuwa muka ɗaga ƙasanta zuwa 60 muka janyo ta baya zuwa 70, kusan digiri 41 kenan kuma ba a taɓa sifirin ba. Ka duba Suzuki Jimny ta 2018, 'yar ƙaramar mota ce tsayin cikinta daga ƙasa santimita 21 ne kawai amma daga kamfani tana da digiri 37 saboda kusan babu komai a gaban tayarta. To abu biyu ake bi, a matso da bamba jikin mota iya yadda lagireto zai bari, sannan a yanke fukafukanta na gefe su haura sama ta yadda in ka tunkari gaɓa a karkace taya ce zata fara gaisawa da ita ba ƙarfe ba. Mafi yawan waɗanda ake ƙerawa a nan akasin haka ake yi, a turo su gaba taƙi guda a sauko dasu ƙasa don su yi kwarjini, sai ka tarar sun fi ta roba dukan ƙasa.

Ɗan Tudun Wada: Ni dai kanikanci nake bari in sa baki kar Alhaji ya ɗauka bamba zata magance komai. Bamba bata ɗaga cikin mota, ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji da difaren ɗin baya, wato tulun giyar da ke tsakanin tayoyin baya, suna nan inda suke, shi difaren ɗin kuwa sai babbar taya. Na biyu in kuka yanke gefen ya haura akwai tulun ruwan wanke gilashi da wayoyin fitila da robar cikin madigadi duk zasu fito fili, laka zata dinga feshe su, dole a yi musu 'yar garkuwa. Na uku kuma wanda ya fi damuna shine iska. Motoci nawa aka kawo min a watan Maris da Afrilu lokacin da garin nan ke tafasa, inji na zafi esi baya sanyi an canza famfo an wanke lagireto a banza, ashe faranti aka liƙa ya toshe ramin iskan da ke ƙasan lamba. Kwandensa da lagireto ta nan suke shaƙa. Ku auna girman ramin da ke bambar kamfani ku bar kamarsa ko fiye, a sa raga mai manyan ido saboda karan masara da ciyawa.

Oga Tanimu Mai Walda: Wannan gaskiya ne Ɗan Tudun Wada, ni ma bana toshe wurin. Amma Injiniya injin lanƙwasa faranti fa? Ba kowane shago ke dashi ba, sai an ɗauka zuwa Panteka a Kaduna ko Kano, kuɗin mota ya hau kan Alhaji.

Injiniya Samaru: In an samu injin ya fi kyau, amma ko babu ana yi kuma kai ka fini sani. A ja layi, a bi da giranda a tsaga rabin kaurin, a lanƙwasa da hannu a kan benci sannan a cike tsagar da walda. Abinda nake roƙo kawai kar a fara da ƙarfe, a fara da kwali. A cire tsohuwar, a yanka kwalin firiji ko na talabijin gunduwa gunduwa a liƙe da salatif a jikin motar har fasalin ya fito, a murɗa sitiyari ƙarshe da ƙarshe a ga taya bata shafa ba, a sa katakon nan a sake aunawa, in bai yi ba almakashi ne kawai. Sai an gamsu a kwance kwalin a shimfiɗa kan faranti a zana.

Alhaji Na Hanwa: Duk kun bar abu mai sauƙi. Me ya hana alminiyon? Nauyinsa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe, baya tsatsa, ko mil 6 aka sa faranti ɗaya kilo 16 ne, bai kai mil 3 ɗinku na ƙarfe ba. Turawa masu tseren sahara ai dashi suke aiki sosai.

Oga Tanimu Mai Walda: Alhaji ranka ya daɗe in ta tsage a bayan Soba waye zai liƙe maka? Ƙarfe kowane ƙauye mai kasuwa akwai yaro da janareto da ilaktirod zai ɗinke maka ka dawo gida. Alminiyon sai mai walda da iskar agon, kuma ba tarkacen tukunya da ake narkawa bane, farantin kirki tsada gareshi.

Injiniya Samaru: Nan kam ina bayan Oga ɗari bisa ɗari. Alminiyon nauyinsa ɗaya cikin uku ne haka ne, amma taurinsa wajen lanƙwashewa shima kusan ɗaya cikin uku ne, dole ka ƙara kauri, ribar da ke saura bata kai yadda ake zato ba. Sannan nau'in da ake kira 6061 wanda ya fi ƙarfi, zafin walda yana kashe masa ƙarfi a gefen ɗinkin, kuma gargadar hanya irin tamu a daidai nan yake fara tsagewa a hankali baka sani ba. Masu lanƙwasa sun fi amfani da 5052 ko 5083. In mutum ya nace, sai a yi tsakiya da ƙarfe fukafukai da alminiyon a ɗaure da noti, a sa roba ko fenti tsakaninsu don in suka haɗu da danshi alminiyon ne ke cinyewa. Amma ga motar gona ni ban ga dalili ba.

Maman Hanifa: Malamai ku yi haƙuri in shigo, maigidana ne ke cikin harkar ni karatu kawai nake, amma tun ɗazu ana maganar saniya da kututture ba wanda ya ambaci mutum. Motar nan ba a daji take kwana ba, kafin ta kai Giwa sai ta ratsa Kwangila da Samaru, ga 'yan makaranta na tsallaka titi ga masu acaba ga almajirai ga masu talla. Bambar roba in ta bugi yaro tana lotsawa, wannan fayif ɗin da ake ɗorawa sama da bonat kuwa daidai kan yaro yake, daidai ƙugun babba. Wallahi duk sanda na gansu a bakin makarantar yarana gabana faɗuwa yake. Don Allah Baban Ummi in ba dole ba kar a sa.

Direban Soba: Hajiya kin faɗi gaskiya amma mu da ke tafiyar asuba shanu na faɗowa titi ba sallama, in lagireto ya fashe a daji a zamanin nan na rashin tsaro kin san ba ƙaramin abu bane mutum ya kwana a hanya.

Injiniya Samaru: Dukkanku kuna da hujja. Shi wannan fayif ɗin daga Ostireliya ya yi suna saboda kangaru, wata dabbar dajinsu mai tsalle, da ke faɗo musu a hanyoyin da zaka yi tafiyar awanni baka ga gida ba, kamfanin ARB da ake kwaikwayon kayansa a Melbon ya fara a 1975. Amma inda mutane suka yi yawa a titi an taka masa birki, Tarayyar Turai ta yi doka a 2005 cewa sai wanda ya ci gwajin bugun mai tafiya a ƙasa za a sayar, Indiya kuma ta hana shi a ƙarshen 2017. Titunanmu kuwa sun fi kama da na Indiya. Ni abinda zan ce, a bar zagayen fitilu gaba ɗaya, in tsoron lagireto ne a yi ɗan gajeren baka a tsakiya wanda bai kai bakin bonat ba kuma ya karkata baya, duk wata kusurwa a goge ta ta zama kwana, kar a bar ƙugiya ko tsini a fuska. Wannan ma ya rage kilo da yawa.

Ɗan Tudun Wada: Akwai kuma iyabag, jakar iskar da ke buɗewa ta tare na ciki in an yi karo, wanda ba a son magana a kai. In motarka na dashi akwai sansa a gaba da ke jin ƙarfin karo, kuma ƙarshen shasi an yi shi ne ya murƙushe ya shanye bugu. In ka ɗaura abinda baya lotsawa bugun baya ɓacewa, wucewa yake ya shiga shasi ya shiga jikin na ciki. Na ga mota da bamba ko ƙwarzane babu amma shasi ya karkace har ƙofa bata rufuwa, ita bamba kuɗinta nawa shasi nawa. Kar a cire sansa kar a matsar da ita kar kuma a yi walda kusa da ita batir na haɗe.

Oga Tanimu Mai Walda: Walda a jikin shasi ni dama bana yi, wanda ya yi haka bai san aiki ba, ramukan kamfani ake bi a ɗaure. Kuma noti ba na ƙofar gida ba, ka duba kansa an buga lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9, in ba lamba ka ajiye musu abinsu. Abu ɗaya da Injiniya bai faɗa ba, bodi daban yake da shasi a kan roba yake zaune, in mota ta murɗe a kwazazzabo kowa motsinsa yake, ita bamba tana bin shasi. In ka manna ta da madigadi don ta yi kyau ranar farko zata fasa maka fitila. Ni ɗan yatsana nake sawa tsakani ko ina, in bai shiga ba ban gama ba. Sannan a huda ƙasanta ruwa da laka su samu hanyar fita, a shafa jan fenti ciki da waje kafin baƙin, in ba haka ba damina biyu mil 3 ɗin ya zama raga.

Alhaji Na Hanwa: To winci fa, injin igiyar da mota ke janyo kanta dashi in ta kafe? In za a yi a yi gaba ɗaya mana.

Injiniya Samaru: Winci Alhaji shi kaɗai magana ne. Ƙa'idar da ake bi ya iya jan ninki ɗaya da rabi na nauyin mota da kayanta, na Hilux kenan mai jan sama da tan 4, shi kuma da igiyar waya yana kaiwa kilo 35 ko fiye, mai igiyar roba ya fi sauƙi da wajen kilo 10. Ga shimfiɗar da zai zauna a kai dole mil 6. Duk abinda muka rage ya dawo kenan. Kuma a fadama ina bishiyar da zaka ɗaura? Wanda ke shiga gona ya fi buƙatar kunnuwan ja masu kyau, guda biyu, kauri mil 16 zuwa 20, su fito miƙe daga layin shasi su ratsa bamba ba wai a liƙa su a fuskar faranti ba, don ranar da tarakta ta fizga in liƙi ne kunnen zai tsinke ya tashi da gudun da zai iya kashe na tsaye a wurin. A bar gurbin winci a tsakiya in ana so, daga baya a sa.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri. Na sa yaro ya nemo katako mun auna yanzu da fitilar waya, leɓen ƙasan robar ne da wani ƙarfe da tsohon mai motar ya ɗaura a ƙarƙashi suke fara taɓawa. Maman Hanifa na ji maganarki ba za a sa zagayen sama ba. Oga Tanimu zaka yi min da mil 3 ɗin?

Oga Tanimu Mai Walda: Fukafukai zan yi da mil 3 na yarda, amma tsakiya mil 4 zan sa Injiniya ya yi haƙuri, nan ne ke cin duka kuma abinda ake sayar mana a kasuwa da sunan mil 3 in ka sa ma'auni sau da yawa bai cika ba. Ilaktirod geji 12 zan yi aiki dashi in bi a hankali ɗigo ɗigo gefe da gefe kar zafi ya murɗe farantin, don haka ba aikin kwana ɗaya bane kar a zo ana min gaggawa.

Injiniya Samaru: Mil 4 a tsakiya kilo 3 zuwa 4 ne kawai zai ƙara, ba zan ja ba. Zan zo da ma'aunina mu je wajen masu faranti tare. Alhaji kafin a cire tsohuwar ka auna daga tsakiyar wil zuwa bakin madigadi hagu da dama ka rubuta, bayan an ɗaura sabuwar mu sake aunawa, in ya sauka fiye da santimita ɗaya sai mu duba ko sifirin ɗin dama ya gaji. Kuma a ɗora ta a sikelin masu hatsi kafin fenti, ni burina kar ta wuce kilo 35.

Direban Soba: In kun gama ku sako hoto da abinda sikeli ya nuna, in ta yi zan nuna ma oga ko zai yarda a sauke tamu. Oga Tanimu wai ƙafafun tsohuwa zasu yi amfani ko sai an yi sababbi?

Oga Tanimu Mai Walda: Sai na gani da idona. In ramukan basu buɗe ba kuma ba a taɓa musu walda a shasi ba zasu yi, sai dai a rage tsawonsu a janyo ta baya. Alhaji asabar bayan azahar, ka taho da kwalaye manya guda uku da salatif, nawa sun ƙare.